Falo ya yi zafi, ƙurya kamar randa: ina zan ajiye fankar?

Ɗan Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da wata matsala tun shigowar hunturun bana, ko Allah zai sa a samu wanda ya san kanta.

Mahaifiyata, Inna, tana zaune tare da ni a nan Katsina, wajen Ƙofar Sauri. Ta haura shekara 70, kuma tana fama da ciwon gwiwa, wanda da sanyi ya shigo sai ya tashi. Sashenta ciki da falo ne, ginin bulo, rufin kwano, silin roba. Wanda ya zauna a irin ginin nan ya san halinsa: da rana ya gasa ka, da asuba ya koma firij. Kwanakin nan na ƙarshen Disamba, in na tashi sallar asuba wayata kan nuna digiri 12 ko 13, ga iskar nan ta arewa mai fasa leɓe da dunduniya.

A da kurfoti ake shigar mata da shi ƙurya bayan isha'i. Bara na hana, domin wata safiya ta tashi da ciwon kai da jiri har sai da aka kama ta zuwa alwala. Ba ta yafe mini hanin nan ba sai da zafi ya dawo.

To bana ƙanena mai walda ya ce a bar masa. Ya ga yadda mutanen Turkiyya ke ɗumama ɗaki da murhun ƙarfe mai bututu, sai ya haɗa mana irinsa da farantin ƙarfe mai kauri: akwati ne mai ƙafa huɗu, da ƙofar sa itace, da aljihun toka a ƙasa, da bututu da ya hau sama ya huda bango ya fita waje. Muka kafa shi a kusurwar falo, a kan siminti, nesa da kujeru. Gaskiya yaron ya yi aiki. Itace uku ko huɗu sun isa falon ya yi ɗumi har jikokinta su tuɓe rigar sanyi, kuma shayi ma a kansa muke dafawa.

Matsalar ita ce ƙuryar da take kwana. Taku biyar ne daga murhun zuwa ƙofarta, amma kana ɗaga labule ka shiga sai ka ji kamar ka sa ƙafa a randa. Na ce ta dawo falo da kwana, ta ce ita ba baƙuwa ba ce da za ta kwana a kujera. Shekaranjiya na ɗauko fankar tsaye na ajiye a bayan murhun, na saita ta kan ƙofar ƙurya, na sa lamba uku. Toka ta tashi ta baɗe dadduma, Inna kuma ta leƙo ta ce wane mahaukaci ne ke kunna fanka cikin hunturu. Ɗakin bai yi ɗumi ba, sai ma iska da ta riƙa kaɗa mata ƙafa.

Shin ni ne ban iya ba, ko dama fanka ba ta wannan aikin? Ina da fankar tsaye, da ƙaramar fanka mai caji, ga kuma ta sama a falon.

Mai Wayarin na Filin Samji:

Wa'alaikumus salam Malam. Fanka tana yi, juya ta kawai ka yi.

Gobe in murhun ya kama sosai, hau kujera ka ɗaga hannunka kusa da silin, sannan ka sauko ka dafa simintin ƙasa. Za ka ji kamar gari biyu ne. Iska in ta yi zafi tana rage nauyi sai ta hau sama, mai sanyi kuwa ta fi nauyi, ita ke kwance a ƙasa. Ɗumin da kake nema yana can maƙale a ƙarƙashin silin, kai kuma fankarka tana tsaye daidai ƙugu tana ta tura abin da bai kai ya kawo ba. Ga shi ka sa lamba uku. Iska mai gudu ko da ɗumi gare ta, in ta bugi fata sanyi ake ji, shi ya sa muke kunna fanka a watan Afrilu. Inna ba ta yi ƙarya ba.

Ga yadda za ka yi. Ajiye fankar tsayen a gefe, ɗauko mai cajin. Sa ta a ƙasa, a kan siminti, daga cikin ƙuryar dab da bakin ƙofa, fuskarta na kallon falo. Lamba ɗaya kawai. Aikinta ta kwaso sanyin da ke kwance a ƙuryar ta turo shi wajen murhu. Duk iskar da ta fita ta ƙasan ƙofa, dole wata ta shiga ta maye gurbinta, kuma ta saman ƙofa za ta bi, wato mai ɗumin. Sai iskar ɗakunan biyu ta riƙa zagayawa a hankali ba tare da ta bugi kowa ba.

Amma fa sai ka yaye labulen nan gaba ɗaya. In ka bar shi rataye a saman ƙofa, ka toshe hanyar da ɗumin zai bi. In kana son ka gani da idonka, yanko siririyar leda ka manna a saman ƙofar, wata kuma a ƙasa. Ta sama za ta karkata ciki, ta ƙasa ta karkata waje.

Fankar sama kuwa, na ƙasashen sanyi suna zuwa da maɓallin da ke juya su baya, su riƙa jan iska sama maimakon turo ta ƙasa, sai ɗumin ya bi bango ya sauko. Yawancin waɗanda muke ɗaurawa a nan ba su da shi. Mai gyara na iya sauya haɗin wayoyin wajen kapasito ta juya baya, amma in zafi ya dawo sai an sake kwance ta, ni ban ga ribar wahalar ba. In ba kowa zaune a ƙarƙashinta, kunna ta lamba ɗaya na minti goma ta gauraya iskar falon, ka kashe. Kuma kada ka kusanta fankar roba ko wayarta da jikin murhu, na sha ganin wadda ta narke.

Ma'aikaciyar Jinya, Daura:

Malam, kafin maganar inda za a ajiye fanka, ni abin da ya tsaya mini shi ne ciwon kai da jirin da ka ce Inna ta tashi da su bara. Ka gode wa Allah da ta tashi. Alamomin iskar kabon monoksaid ke nan, wadda gawayi da itace ke fitarwa in suna ci a inda iska ba ta wadata ba. Ita ce dai ta hayaƙin janareta da ke kashe mutane gida guda a cikin barci. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. In ta shiga jini tana kama sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200, sai jiki ya rasa abin numfashi alhali mutum yana ta numfashi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai barci mai nauyi. Duk hunturu muna ganin irin wannan, kuma sau da yawa 'yan uwa zazzaɓi suke cewa, wasu ma su ce iska ce ta taɓa shi.

Ina faɗin haka ne domin na san wani zai karanta bayanin mai wayarin ya je ya gwada da kurfoti. Don Allah kada a yi. Fanka ba ta tace komai, abin da ke cikin iskar shi take rabawa. In wutar ba ta da bututun da ke fitar da hayaƙinta waje, to guba ka kai wa na ƙurya tare da ɗumin. Kuma maganar nan da ake yi cewa in aka bar gawayi ya ruru a tsakar gida ya zama jan garwashi, hayaƙi ya ƙare, sai a shigar da shi ba komai, ba gaskiya ba ce. Garwashin da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita. Ajiye kwanon ruwa kusa da shi ma ba ya hanawa.

Kai naka yana da bututu, wannan ya yi kyau, amma ka duba abu uku. Mahaɗar bututun, kada a samu inda ke yoyo. In ka ga baƙi-baƙi a bango ko silin kusa da wata mahaɗa, to nan ne. Sannan bakin bututun a waje ya haura rufi, kada iskar hunturu ta riƙa maido da hayaƙin ciki. Na uku, kada ku toshe ko'ina ruf, wuta tana bukatar iska, a bar 'yar kafa a tagar falo. Kuma kada a kunna fankar da ke zuƙe iska ta fitar waje, irin ta kicin ko banɗaki, lokacin da murhun ke ci, tana iya jawo hayaƙi ya dawo ta bututun. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara in ta ji wannan iska, in ka samu ka rataya a ƙuryar. Duk wanda ya tashi da waɗancan alamomi, a fito da shi fili a buɗe ƙofofi, a kai shi asibiti.

Ɗalibin Injiniya:

Akwai wata ƙaramar fanka da ake ɗorawa a kan murhun kansa, ba waya ba batir. Gindinta ƙarfe ne da ke ɗaukar zafi, samanta kuma fikafikan alminiyam ne da ke hucewa, a tsakaninsu akwai wani ɗan faranti da ke haifar da lantarki muddin gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi. Wani masani mai suna Thomas Seebeck ne ya gano haka a 1821. Da murhu ya yi zafi sai ta fara juyawa da kanta, in ya huce ta tsaya. Sai dai iskarta ba ta da ƙarfi, falon kawai za ta baza wa ɗumi, ba za ta kai ƙurya ba. Ga yadda ake ɗauke wuta, ta yi daidai da mu.

Gwaggo ta Kusugu:

Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ka masu yi maka. Jikata ce ke karanta mini, na ce sai na sa baki.

Mu da muka tashi a soron ƙasa da azara ba mu san wannan wahala ba. Katangar ƙasa tana shan rana wuni guda, da dare ta riƙa sako ɗumin a hankali har asuba. Ga gadon ƙasa da ake hura wa wuta ta ƙarƙashi. Ku kuka rushe kuka sa kwano, yanzu kuna neman ɗumi da fanka.

Tsohuwa ba ɗaki take so ya yi zafi ba, gwiwarta da tafin ƙafarta take so su yi. Ka samo jan bulo biyu ka ɗora a kan murhun nan tun magariba, in za ta kwanta ka naɗe su da tsohon zane ninki biyu ka tura ƙarƙashin bargo wajen ƙafa. Ka taɓa da bayan hannunka tukuna, fatar tsoho ba ta jin ƙuna da wuri. Ka shimfiɗa tabarma da darduma a ƙasan ɗakin, ka duba tagar ƙuryar ko tana shigo da iska. Ba a cika tulu mai huda.

Ɗan Ƙofar Sauri:

Allah shi saka wa kowa da alheri. Na bari sai da na gwada kwana uku kafin in dawo.

Malam mai wayarin, ledarka ta yi aiki har yara suka mayar da ita abin kallo. Na sa mai cajin a ƙasa tana kallon falo, lamba ɗaya, na yaye labule. Ta sama ta karkata ciki kamar yadda ka ce. Ba nan take ɗakin ya canza ba, sai da aka yi kusan awa guda. Akwai agogon bango mai nuna zafi da na ciro daga ɗakina na ajiye a kan gadonta: daren farko ya tashi daga 17 zuwa 21 kafin ƙarfe goma. Falon kuma ya rage zafin da yake yi har ya ishi mutum, wanda ban ma yi tsammani ba.

Hajiya ma'aikaciyar jinya, maganarki ta sa na ɗauki tocila na bi bututun gaba da gaba. Na samu baƙi a bango daidai gwiwar da ya lanƙwasa zai fita. Na kira ƙanen nawa, da farko ya ce aikinsa ba ya yoyo, sai da na nuna masa ya yi shiru ya koma ya ɗauko injin. Ya kuma ƙara wa na wajen tsawo ya haura kwano, ya yi masa 'yar hula. Yanzu ba na ƙara itace bayan ƙarfe tara, kuma ba na tafiya sai na ga wutar ta mutu na kwashe garwashin na fitar tsakar gida. Na'urar ce ban samu ba tukuna, na ba wani mai zuwa Kano sautu.

Gwaggo, kin gano tagar ba ki gan ta ba. Gilashi ɗaya ya fashe tun damina aka liƙe da kwali, kwalin kuma ya saki. Na canza shi. Bulo kuwa, Inna ta karɓe shi hannu biyu, har ta ce ai haka kakarta ke yi da dutse, me ya sa ban tambaye ta ba tun farko.

Abin da ya rage shi ne labule. Ta yarda a yaye shi daga magariba zuwa lokacin kwanciya, amma ta ce ba za ta yi barci ƙofa a wangale ba ko da sanyi zai kashe ta. Ina tunanin in sauko da igiyar labulen kamar taki ɗaya daga saman ƙofa, in kuma ɗage ƙasansa kaɗan, ya rufe tsakiya ya bar sama da ƙasa. Malam mai wayarin, kafar taki ɗaya za ta isa, ko sai na fasa bango na sa 'yar taga a saman ƙofar?