Gargaɗi kafin tsofaffin katun: abin da iyaye suka tsayar

Da muka tattauna da wasu iyaye da malamai kan tsofaffin katun na Amurka, Tom and Jerry ne ya fi cin lokaci, don yaranmu na kallonsa sosai. Ga baƙar matar nan da galibi ƙafafunta da silifas kawai ake nunawa, tana ta faɗa da tsintsiya a hannu. Ga kuma inda abu ke fashewa, fuskar kyanwa ta koma baƙa wuluk da manyan leɓɓa. Izgili ne ga baƙar fata, tun shekarun 1940.

Yawanci sun ce kada a yanke wuraren, a dai sa gargaɗi a farko, kamar yadda dandalin kallon finafinai na Disney+ ya yi a Oktoban 2020 ga katun ɗin Dumbo na 1941 da Peter Pan na 1953. Ni ma nan na tsaya.

Sai dai wata malama ta tuna mana cewa ɗan shekara biyar ba ya karanta gargaɗi. Uwa ko uba su fara kallo, su tsayar da hoton a wurin, su tambayi yaro me ya gani. Wanda muninsa ya yi yawa kuwa, a ajiye sai yaro ya yi wayo.