Wai mutumin da ke jikin dala ɗaya kakan Denzel Washington ne?

Ɗan Canjin Wapa:

Assalamu alaikum jama'a. Musu ne ya kawo ni, kuma ina so a raba mana gardama kafin Juma'a.

Shekarata 19 ina canji a Wapa, amma ban taɓa tsayawa na ƙare wa dala ɗaya kallo ba sai shekaranjiya. Mu 'yan canji ba ma ƙaunarta, ƙananan takardu wahalar ƙirga kawai gare su, farashinsu ma ba ya kai na 'yar ɗari. Wata hajiya ce ta kawo guda 14 da suka rage mata a jaka, ina jujjuya ɗaya sai na ga an rubuta Washington a ƙasan hoton tsohon nan mai farin gashi. Abokin zamana, wanda ba shi da aiki da dare sai kallon fim, ya ce ai kakan Denzel ke nan, jarumin fim ɗin Amurka. Na ce kai, wannan Bature ne fari tas, wancan kuwa baƙi ne kamar ni. Ya ce to me ya sa sunansu ɗaya, kuma me ya sa duk Washington ɗin da ya taɓa gani a talabijin, ɗan ƙwallo ne ko mawaƙi, baƙar fata ne? Nan na rasa ta cewa.

Mun yi da shi wanda aka kayar zai ciyar da 'yan rumfa tsire. To ina asalin sunan nan yake? Na Turawa ne ko na baƙaƙe?

Nas a Sunderland:

Wa alaikumus salam Alhaji. Dariya ta kama ni, don garin da ake kira Washington yana nan kusa da ni, tsakanin Sunderland da Newcastle a arewa maso gabashin Ingila, wajen rabin awa a bas. Da na zo sabuwa na ga motar haya an rubuta Washington a goshinta, sai na ɗauka su ne suka kwaikwayi Amurka. Ashe nan ne tushen.

Yanzu babban gari ne mai masana'antu, kamfanin motoci na Nissan ma a gefensa yake. Amma a tsakiya akwai tsohon ƙauyen, da coci, da wani gidan dutse da suke kira Washington Old Hall. Na kai yarana lokacin hutu. Yawancin ginin na ƙarni na 17 ne, sai ɗan abin da ya saura na ainihin gidan farko a jikin bango. Duk ranar 4 ga Yuli suna ɗaga tutar Amurka a wurin, abin da ya ba ni mamaki, don ranar ce Amurkawa ke murnar rabuwa da su. Jimmy Carter ma ya zo garin a 1977 yana shugaban ƙasa.

Abin da na riƙe daga bayanin da aka yi mana shi ne sunan gari ne kafin ya zama sunan mutum. Sauran sai malamai.

Tsohon Malamin Tarihi, Zariya:

'Yata ta faɗi gaskiya, Allah ya yi albarka. Alhaji, kafin komai, tsiren nan ku mai da shi kyauta, kada ya zama caca.

Sunan ya fito ne daga musayar ƙasa. A ƙarni na 12 bishop na Durham ba limamin coci kawai ba ne, kusan sarki ne mai ƙasa da talakawa. A 1183 ya sa aka rubuta masa littafin duk filayensa da abin da kowa ke biya, kamar dai littafin haraji na hakimi. A ciki aka ambaci wani William de Hertburn, wato William na Hartburn, wanda ya ba bishop ƙauyensa ya karɓi wani ƙauye mai suna Wessyngton a madadinsa. Sharaɗin shi ne fam 4 a shekara, kuma in bishop ya fita babbar farauta ya biyo shi da karnuka biyu. Da ya tare a sabon wuri sai ya zama William de Wessyngton. Baki ya yi ta tauna kalmar har ta koma Washington. Wannan "ton" na ƙarshe a tsohon Turanci gona ce ko ƙauye, shi ya sa garuruwansu da yawa ke ƙarewa da ita.

Wannan bai kamata ya zama baƙon abu gare mu ba. Aminu Kano, Shehu Shagari, Isa Kaita, Sa'adu Zungur, Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk sunan gari ne. Sardauna kansa a Kwalejin Katsina Ahmadu Rabah ake kiransa. Inda muka bambanta, namu yakan nuna inda yaro ya fito ne lokacin da aka rubuta shi a makaranta, nasu na wancan zamani kuwa yana nuna ƙasar da mutum ya mallaka, kuma ɗa ya gada, jika ya gada, ko da sun bar garin da shekara ɗari uku.

Haka kuwa aka yi. Wani reshe na gidan ya koma Warton a Lancashire. Daga cikinsu aka sami Lawrence Washington, ɗan kasuwar gashin tumaki, wanda ya yi arziki har ya zama magajin garin Northampton, ya sayi gandun Sulgrave a 1539, lokacin da Sarki Henry na Takwas ya ƙwace filayen gidajen ibada yana sayarwa.

Wurin da na fi so in tsaya wa ɗalibaina a da shi ne nan gaba. Wani daga zuriyarsa, shi ma Lawrence, limamin coci ne a Purleigh cikin Essex. Da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin sarki da majalisa, shi yana bayan sarki. A 1643 'yan majalisa suka tuɓe shi, suka ce mashayi ne, kullum yana gidan giya. Ko ya sha ko bai sha ba, laifinsa na gaskiya shi ne ɓangaren da ya bi. Ya mutu a talauce. Ɗansa John, da ya ga babu gado babu muƙami, sai ya shiga fataucin taba, ya hau jirgin ruwa zuwa Virginia da ke Amurka a ƙarshen 1656. Sun yi lodin taba za su juyo gida a farkon 1657, jirgin ya kafe a kogin Potomac. Kafin a gyara shi John ya saba da wani mai gonaki, Nathaniel Pope, ya ƙi komawa, ya auri 'yarsa Anne, surukin ya ba su eka 700. John ya haifi Lawrence, Lawrence ya haifi Augustine, Augustine ya haifi George a 1732, shugaban Amurka na farko, shi ne na jikin dalarka.

Ni a ganina ba neman 'yanci ne ya kai gidan nan Amurka ba, kamar yadda ake son a faɗa. Uba ne ya faɗi a siyasa, ɗa ya fita neman abinci.

Amsar musunku kuwa gajera ce. George Washington bai haihu ba. Ya auri Martha, bazawara mai 'ya'ya biyu, ya riƙe su, ya rasu a 1799 ba ɗa ba 'ya. Gandunsa na Mount Vernon ɗan ɗan'uwansa Bushrod ne ya gada. Saboda haka babu wanda zai ce shi jikansa ne, fari ko baƙi. Turawan da ke da sunan ta jini zuriyar 'yan'uwansa ne da dangi.

Direban Chicago, ɗan Zangon Kumasi:

Baba Malam ya gama da ɓangaren Turawa, bari in ɗora da abin da nake gani a titi. Shekara 12 ina tuƙi a garin nan, sunan fasinja yana fitowa a waya kafin in ɗauke shi. In na ga Washington, tun kafin in isa na san ɗan'uwana baƙi zan tarar, kuma da wuya in yi kuskure. Abokin Alhaji idonsa bai yaudare shi ba. A ƙidayar 2000 an sami mutum 163,036 masu wannan suna a Amurka, kashi 90 cikin ɗari baƙaƙe ne. Babu wani sanannen suna da ya kai shi a wannan.

Mutane suna ɗauka duk bayin George ne. Ba haka ba ne. Lokacin da ya mutu akwai bayi 317 a Mount Vernon, 123 ne nasa na kansa, su ne ya yi wasiyya a 'yanta. Waɗanda aka san sunayensu ma da yawa wasu sunaye suke da su, irin su Lee da Judge da Quander. Gidan Quander ɗin nan har yau suna nan, kuma suna danganta asalinsu da Fante na ƙasarmu Ghana.

Yawan ya zo ne bayan 1865, da aka soke bauta, mutum wajen miliyan 4 suka sami kansu. Ana bukatar suna biyu wajen ɗaura aure, da shiga soja, da sa hannu a takardar aiki. Wasu suka riƙe na ubangidansu, wasu suka ce har abada, suka zaɓi Freeman, wato 'yantacce, wasu suka ɗauki sunan da ya fi kowane girma a ƙasar. Booker T. Washington, wanda ya shugabanci makarantar Tuskegee tun 1881, an haife shi bawa. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ranar da ya fara zuwa makaranta ya ji kowane yaro na faɗin suna biyu, shi kuwa Booker kawai ya sani, da aka zo kansa sai ya ce Booker Washington. Mijin uwarsa ma Washington ne sunansa na farko.

Daga baya, tsakanin wajen 1910 da 1970, baƙaƙe kusan miliyan 6 suka baro kudu suka yo arewa da yamma neman aiki da tsira daga wariya, sunan ya biyo su Chicago da Detroit da New York. Magajin garin Chicago baƙi na farko, wanda aka zaɓa a 1983, Harold Washington ne. Babban ɗakin karatu na garin sunansa yake ɗauke da shi, nakan sauke fasinja a ƙofarsa kusan kullum.

Amma Alhaji, kada abokinka ya ji wannan: an haifi Denzel a 1954 a wani gari na jihar New York da ake kira Mount Vernon, wanda aka raɗa wa sunan gandun George ɗin.

Ɗan Canjin Wapa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malam, na karɓi gyara, tsire ya zama sadaka.

Sai dai direba ka makara, don a gabansa nake karantawa da ƙarfi, ban ankara ba na karanto layin ƙarshe. Yanzu ya tsaya kai da fata wai Mount Vernon ɗin hujja ce, ni kuma na riƙe maganar Malam cewa mutumin bai haihu ba. 'Yan rumfa sun yanke hukunci kowa ya kawo rabi, tunda su dai tsirensu suke so. Dala ɗayan kuwa na biya kuɗinta daga aljihuna na ajiye, tana cikin aljihun tebur. Nas, in kin sake kai yara gidan dutsen nan, don Allah ki ɗauko mana hoton ƙofar.