Jitata tana gurnani idan na naɗa waƙa da waya a ɗaki, me zan fara gyarawa?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan. Jitar katako nake kaɗawa, mai tsirkiyar ƙarfe shida, ba a jona ta da lantarki. Nakan maimaita waƙoƙin da nake so, na Hausa da na waje, in naɗa da wayata in tura wa abokai ko in ɗora a YouTube. A cikin ɗaki sautin ras yake fita, amma abin da wayar take ɗauka dabam ne. Tsirkiyoyi masu kauri suna gurnani har su danne murya, sirarran kuma sautinsu yana yankewa tun bai gama fita ba. Ga wani zuuu a ƙasa da ba ya ɗaukewa.

Ɗakin haya ne, ƙasa tayil, rufin kwano, taga tana kallon titi. Wayar nakan jingina ta a tebur daidai ramin jitar, kamar taƙi ɗaya tsakani, tana jone da caja. Tun da damina ta kankama kuma tsirkiyoyin suka yi nisa da wuyan jitar, yatsu sai ciwo. An ce in je kasuwar Computer Village da ke Ikeja in sayi makirofon BM-800 da ƙaramin akwatin sauti na V8. In saya, ko da abin da zan fara dubawa?

Malamin Jita, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna. Yawancin abin da ka lissafa ba sayayya ce za ta magance shi ba.

Gurnanin daga inda kake ajiye wayar yake. Iskar da ke cikin akwatin jita tana amsawa da ƙarfi a wajejen 100 Hz, kuma ta ramin nan take fitowa. Kai kana jin jitar daga sama, ta gauraya da ɗaki, wayar kuwa ka sa ta a bakin ramin, don haka kaurin kaɗai take sha. Kawar da ita daga nan. Ta kalli firet (ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita) na 12 zuwa na 14, inda wuya ya haɗu da jiki. Da jita kaɗai kake ɗauka, santimita 20 zuwa 30 ya isa. Tun da kana waƙa a lokaci guda, ja ta baya zuwa santimita 40 ko 50, ka ɗaga ta daidai ƙirjinka. In murya ta yi ƙasa, ƙara ɗagawa zuwa haɓa. In jita ce ta ɓace, sauke kaɗan. Ka tabbata gindin wayar, inda makirofon yake, shi ke kallonka, kuma kada ka ajiye ta a kan teburin kai tsaye. Sa tawul ninki huɗu a ƙarƙashi, domin tayil da katako suna kai mata bugun ƙafarka.

Yankewar sirarran tsirkiyoyi aikin manhaja ne. Manhajar naɗar murya da ke zuwa da waya, da saƙon murya na WhatsApp, don magana aka yi su. Suna ɗaga sauti su sauke da kansu, kuma idan sautin tsirkiya ya fara dusashewa sai su ɗauke shi a matsayin hayaniya su share. Yi amfani da BandLab ko wata manhajar da za ta bar ka ka kashe tace hayaniya, ka zaɓi tsarin fayil na WAV in akwai, 48 kHz in za ka haɗa da bidiyo. Kaɗa da iyakar ƙarfin da za ka yi a amshi, ka duba ma'auni: kada ya wuce -6 dB. In ya taɓa ja, sautin ya tsage, kuma babu gyaran da zai dawo da shi.

Zuuu ɗin kuma kada ka yi ta zato. Naɗi shiru na daƙiƙa 10 da caja a jone, wani ba caja, wani ka kashe fanka, wani firij a kashe. Saurara da iyafis, za ka kama mai laifin. Wutarmu 50 Hz take, kuma caja mai araha takan shigar da ƙara, balle a kan janareta. Cika batir, cire caja, sa wayar a yanayin jirgi.

Ɗakin: juya bayanka ga labule mai kauri ko wadirob a buɗe cike da kaya, shimfiɗa darduma ko bargo tsakaninka da wayar, jingina katifa a jikin taga. Katifa tana rage amsa-kuwwar ɗaki ne, ba ta hana hon ɗin bas ɗin danfo shiga. Maganin titi lokaci ne. Bayan sallar asuba da kaɗan, ko safiyar Lahadi kafin unguwa ta tashi. Ranar da ake ruwa a kan kwano kuwa, bar naɗa, yi atisaye.

Mai Gyara, Ojo:

Malam ya gama da ɓangaren waya. Ni jitar ce ta dame ni, don jitar da ta sha laima ko a situdiyo ba za ta yi daɗi ba.

Katakon jita yana son laimar iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Daminar Legas ta wuce nan nesa ba kusa ba. Fuskar jitar takan sha danshi ta kumbura a bayan gadar da tsirkiyoyi ke zaune, gadar ta ɗago, tsirkiyoyi su yi sama. Sai ka riƙa dannawa da ƙarfi, dannawar tana miƙe tsirkiya, sauti ya haura kaɗan. Shi ya sa za ka saita jita daidai amma kod ɗin (haɗin sautuka da ake riƙewa tare) da ke tsakiyar wuya ya fito a karkace.

Fara da awo. A firet na 12, daga saman ƙarfen firet zuwa ƙasan tsirkiya, mai kauri ta zama kamar milimita 2.5, siririyar kamar milimita 2. In ka ga 4, da matsala. Sannan duba lanƙwasar wuya: sa kafo, maƙallin nan da ke danne duka tsirkiyoyi, a firet na 1, danne tsirkiya mai kauri a na 14, leƙa tazarar da ke firet na 7. Kaurin katin kasuwanci ɗaya ake so. In ta fi haka sosai, akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da makullin alan, yawanci ta cikin ramin. Sassauta tsirkiyoyi, juya dama rubu'in zagaye kawai, sake saitawa, bar ta ta kwana, sannan ka sake awo. In ta yi tauri kada ka tilasta. Karyewar sandar nan ta fi kuɗin jitar da yawa daga cikinmu tsada.

In wuyan lafiya yake, kumburin fuska ne, kuma sandar ba ta gyara wannan. Sa jitar a jakarta tare da ƙunshin silika babba biyu ko uku, irin wanda ake samu a kwalin takalmi, ka zuge, sati ɗaya zuwa biyu. Kada ka shanya ta a rana, gam zai saki. Kada kuma ka jingina ta da bangon da ke tsatsafo ruwa.

Abin da nake roƙonka kada ka yi yanzu shi ne goge ƙashin gadar, wato farin abin da tsirkiyoyi ke hawa a kan gadar, don tsirkiya ta sauko. Ana yi, lissafinsa ma sananne ne: in kana son rage rabin milimita a firet na 12, milimita ɗaya za ka cire a ƙasan ƙashin. Amma in ka goge a tsakiyar damina, hunturu na zuwa a Disamba katako zai koma, tsirkiyoyi su kwanta a kan firet su yi ta zizza.

Tsirkiya kuma, in ta yi baƙi ko tsatsa, kaifin sautinta ya tafi, kauri kaɗai ya rage, wannan ma yana cikin gurnanin da kake ji. Sa sabuwa, mai lamba 11 ko 10 saboda yatsunka, maimakon 12. Sauya kwana ɗaya ko biyu kafin naɗa, ka ja kowace a hankali ka sake saitawa har ta daina sauka. Duk ka gama kaɗawa goge su da busasshen ƙyalle, sama da ƙasa. Gumi da iskar teku ba sa raga wa ƙarfe.

Ɗan Agege:

Allah ya saka da alheri, Malam da Yaya Mai Gyara. Na yi awon, mai kaurin ta kusa milimita 4. Zuuu ɗin kuma caja ce da fanka. To batun BM-800 fa, in manta da shi ke nan? Kuma in ina son in naɗi jita dabam, murya dabam, yaya ake yi?

'Yar Obalende:

Ɗan'uwa, ba zan ce ka manta da makirofo har abada ba, a nan na ɗan saɓa da Malam. Waya tana da iyaka. Amma haɗin da aka ba ka shawara ba shi ne na ɗakinka ba. BM-800 irin makirofon nan ne mai jin komai, zai kwaso maka titi da tayil fiye da wayar, shi kansa kuma yana da shuuu. V8 an yi shi ne don masu hira kai tsaye. In ka buɗe eko ɗinsa ya shiga naɗin, ya zauna ke nan. In za ka tara kuɗi, tara na ƙaramin akwatin sauti mai USB, irin Behringer UMC22 ko Focusrite Scarlett Solo, da makirofo dainamik irin Shure SM58, wanda ake matsowa kusa da shi, bai cika damuwa da ɗaki ba. Jabunsa ya yi yawa, don haka ka je da wanda ya sani, a gwada a gabanka, ko a Alaba ko a Ikeja. In wata rana ka sayi makirofo kondensa irin AT2020, sai da wutar 48V daga akwatin zai yi aiki.

Naɗa dabam-dabam kuwa, jita ake fara yi, da metronom, mai ƙas-ƙas ɗin riƙe saurin kiɗa, a kunne. Iyafis mai waya za ka sa, ban da Bluetooth, domin yana jinkirta sauti, muryarka za ta riƙa zuwa a bayan kiɗa. Rage ƙarar iyafis ɗin, in ba haka ba ƙas-ƙas ɗin metronom zai zubo cikin makirofo. Muryar kuma taƙi ɗaya daga makirofo, ka ɗan karkata gefe don iskar "f" da "b" kada ta buge shi. In da bidiyo, tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin ka fara, da wannan tafin za ka daidaita sauti da hoto a CapCut.

Gyara kada ya yi yawa. A manhajar gyaran sauti ta Audacity yanke duk abin da ke ƙasa da 70 Hz, tun da tsirkiya mafi kauri a 82 Hz take. In har yanzu da nauyi, rage 2 zuwa 3 dB a wajejen 200 zuwa 250 Hz. Tace hayaniya kada ya wuce 6 zuwa 9 dB, fiye da haka jita sai ta koma kamar ana kaɗa ta a cikin randa. A ƙarshe daidaita ƙololuwa a -1 dB. Wajen tura wa abokai a WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, kada ya matse maka shi.

Malamin Jita, Idi-Araba:

'Yar'uwa ta yi gaskiya a kan akwatin, in kuɗin ya samu. Saura abu biyu, ƙanena.

Yawancin waƙoƙin Hausa na zamani a fiyano aka gina su, kuma sau da yawa muryar tana sama, musamman baitin mace. Kada ka shaƙe kanka wajen bin su. Nemi inda muryarka ta zauna, sannan ka matsar da kafo. Kowane firet rabin mataki ne: riƙon Am da kafo a firet na 2 ya zama Bm. Da Am, C, Dm, F da G za ka raka waƙoƙi da yawa. A baiti ka sassauta hannun dama, ko ka tsinci tsirkiya da yatsu, ka bar cikakken bugu sai amshi. Hausa da hawa da saukar murya da tsawon wasali ake gane kalma, in jita ta rufe su mai saurare ba zai kama baitin ba.

Na biyu, waƙar da mai ita. Rubuta sunan mawaƙin a ƙarƙashin bidiyon, amma ka sani rubuta suna ba izini ba ne. YouTube yana da tsarin Content ID da kan gane karin waƙa ko da kai ka kaɗa. In ya gane, galibi bidiyon yana nan amma kuɗin talla na mai waƙar ne, wani lokaci kuma a toshe shi. Wannan dabam yake da gargaɗin keta haƙƙi, wanda in ya kai uku ana iya rufe tasha. Kada ka sa asalin kiɗan a ƙarƙashin jitarka. In kuma sayarwa za ka yi, ko ɗorawa a manhajojin da ke biyan kuɗi, nemi izinin mai waƙar a rubuce tukuna, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba shi wannan haƙƙin. Idan jitar ta fito daga jaka bayan sati biyun, sake awon firet na 12 ka kawo mana lambar kafin ka taɓa sandar.