Rahoto ne, hasashe ne, ko ƙiyasi?

Assalamu alaikum, masana harshe da 'yan jarida. Ina rubutu kan farkon Yaƙin Cacar Baka, sai na ci karo da takardun da hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta riƙa miƙa wa Shugaban ƙasar, Truman, kan barazanar Tarayyar Sobiyet da 'yan gurguzu. Sunansu a Turance "intelligence estimate". Rabin farko mun gama da shi tuntuni, leƙen asiri ne. Rabin na biyu ne ya tsaya mini a wuya.

Gidajen rediyo za su ce "rahoton sirri". Ban yarda ba. Rahoto labarin abin da ido ya gani ne ko kunne ya ji, su kuwa waɗannan takardu magana suke kan abin da babu wanda ya gani. A 1949 CIA ta ce Sobiyet ba za ta samu bam ɗin nukiliya ba kafin tsakiyar 1950, kuma an fi zaton sai 1953. Ranar 29 ga Agusta 1949 Sobiyet ta gwada nata a Kazakistan. A Oktoba 1950 suka ce da wuya Sin ta shiga yaƙin Koriya gadan-gadan a shekarar; watan bai ƙare ba sojojinta suka ƙetare kogin Yalu zuwa cikin Koriya. Wanda ya kira wannan rahoto ya mai da jami'an maƙaryata, alhali awo suka yi, awon ya kuskure.

An ba ni "hasashe". Ya yi kusa, amma gaba kaɗai yake kallo, kamar hasashen damina, alhali takardun sukan auna abin da ke akwai yanzu a ɓoye: yawan sojoji, ƙarfin masana'antu, niyyar Stalin, shugaban Sobiyet. "Kintace" da "kirdado" kuwa sun yi sauƙi da yawa, na mai sayen buhu ba tare da mudu ba ne.

Ni ƙiyasi na zaɓa. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san shi: a ɗauki abin da aka sani, a auna wanda ba a sani ba da shi, bisa dalili. Manomi ma yakan dubi zangarniya ya ƙiyasta dami nawa zai ɗaure. Aikin ke nan, kuma kalmar ba ta yi alkawarin dacewa ba.

Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali labarin Sherman Kent ne, malamin tarihi da ya koma CIA. A Maris 1951 shi da abokan aikinsa suka rubuta cewa akwai yiwuwa mai ƙarfi ɓangaren Sobiyet ya kai wa Yugoslabiya, ƙasar Shugaba Tito, hari. Shi kusan kashi 65 cikin ɗari yake nufi. Da ya tambayi abokan aikinsa da suka amince da jimlar, wani ya ce 20, wani 80. Mu a karatun fiƙihu muna da matakan a jere: yaƙini, zato mai rinjaye, shakka, wahami. In mun karɓi ƙiyasi, da su za mu fassara ƙarfin kowace magana da ke ciki.

Don haka zan rubuta "ƙiyasin leƙen asiri", ba "ƙiyasin sirri" ba, kada a ɗauka ƙiyasin ne kawai aka ɓoye. Mutanen Damagaram da Maraɗi, masu fassara daga Faransanci, yaya ta faɗa a kunnenku?