Lambobi uku a akwatin Kaka: wane yaƙi mahaifinta ya yi?

Jikan Saje ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Kakata ta rasu watan jiya a Zariya, Allah Ya jiƙanta. Da aka buɗe akwatinta na ƙarfe, can ƙarƙashin zannuwa muka tarar da ƙullin tsumma, ciki akwai lambobin soja guda uku na mahaifinta, wanda duk gidanmu ake kira Baba Saje. Ɗaya tauraro ce ta tagulla, biyu kuma zagayayyu kamar tsohon sulai, ɗayar da ɗan guntun ƙyalle mai launin bakan gizo, duk ya koɗe.

Abin da ta sha gaya mana shi ne, yana yaro mahara suka kama shi a gona, aka sayar da shi, daga baya ya gudu ya shiga sojan Bature. Ta ce har ya rasu yana ambaton Garwa da wani dutse wai shi Mora, kuma tafin ƙafarsa ƙaya ba ta huda shi. To kawuna ya dage cewa Baba Saje na cikin waɗanda suka fasa ganuwar Kano, don haka a binne lambobin a manta. Ni kuwa raina bai ba ni ba. Wa zai taimaka mini in gane gaskiyar aikinsa?

Malamin Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta mata. Ɗan'uwa, kada ku binne komai tukuna, lambobin da kansu za su yi magana. Yadda ka siffanta su, na yaƙin duniya na farko ne: tauraron na 1914 zuwa 1915 ne, mai bakan gizon kuma ita ce ta nasara. Wanda ya je Kano tare da Kanar Morland a Fabrairun 1903, wata lamba dabam aka ba shi, mai kan Sarki Edward, da ɗan ƙarfe a samanta an rubuta N. Nigeria 1903. In babu ita a ƙullin, hujjar kawunka ta yi rauni.

Garwa da Mora kuwa Kamaru ce lokacin tana hannun Jamus. Sojojin Nijeriya sun auka wa Garwa a ƙarshen Agustan 1914, suka sha kashi, har kwamandansu Maclear ya mutu a wurin. Sai Yunin 1915 garin ya faɗi. Mora ce ta fi ba su wuya, don Jamusawa sun hau dutse sun ƙi saukowa, aka yi ta zaman kewaye har Fabrairun 1916. Juya bayan tauraron, ka kuma duba gefen zagayayyun. Za ka ga lambarsa ta soja da muƙaminsa da sunansa. Kada ka yi mamaki in ka ga sunan gari a madadin na uba, haka ake rubuta kurata a lokacin. Da lambar sojan da ke rubuce a jiki ake nemansa a gidan ajiye takardun tarihi na Kew a Landan, ka kuma leƙa na Kaduna.

Ɗan Mazan Jiya ya rubuta:

Ɗana, maganar tafin ƙafar nan ta sa ni ƙwalla. Mahaifina ya je yaƙin Bama, kuma shi ya ba ni labarin tsofaffin da suka horar da su. Ya ce su ba su san takalmi ba, ƙafa a ƙasa suke maci daga wannan gari zuwa wancan, da gajeren wando na kaki da jar dara, Bature na bisa doki ko ana ɗauke da shi. Hausa ce harshen bariki, ko kai Babarbare ne ko Bazabarme ko ɗan Tibi, dole ka iya ta, Turawan ma sai sun koya. Laifi kaɗan bulala. Baƙin mutum kuma iyakarsa samanja, duk jarumtarsa. Ka dubi Chari Maigumeri: a ɓangaren Jamus ya fara, aka kama shi a Garwa, ya dawo ya yi wa Ingila aiki har Bama, yau barikin Lokoja sunansa yake ɗauke da shi. Wanda ya kai saje a wancan zamani ba ƙaramin namiji ba ne. Ka riƙe lambobin nan da kyau.

Bagombe ya rubuta:

Ina girmama Baba da ya yi magana, amma a faɗi ɗaya gefen. Rundunar nan da Lugga ya kafa a 1897, ita ce ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yulin 1903, ita ce ta shafe ƙauyen Satiru da ke kusa da Sakkwato a 1906. Turawan da ke ciki 'yan ƙalilan ne, hannuwan da suka harba bindiga namu ne. A gidanmu akwai waɗanda suka tafi Burmi ba su dawo ba. Kawunka ba hauka yake yi ba, ciwo ne ya gada.

Jikan Saje ya rubuta:

Na gode muku duka. Malam, na goge bayan tauraron da toka da lemon tsami, rubutun ya fito: lamba, sannan suna da sunan wani gari da ba mu taɓa sanin yana da alaƙa da shi ba, sai Nig. R., wato rundunar sojan Nijeriya, a ƙarshe. Babu mai kan Edward, na zazzage akwatin har ƙasa.

Bagombe, maganarka ta shige ni, kuma ban musa ko ɗaya ba. Abin da ke hana ni barci shi ne yaron da aka ɗauke daga gona da igiya a wuya, wanda ƙofar barikin ce kaɗai ta buɗe masa. Ban iya tsine masa ba, ban kuma iya yi wa rundunar kirari ba. Gobe bayan Juma'a zan kai wa kawu lambobin ya gani da idonsa, in tambaye shi ko ya taɓa jin Kaka ta ambaci sunan garin nan.