Wa ake tsara wa birni: masu takarda ko masu zama a cikinsa?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum. Me ya sa unguwar Plateau ta nan Garwa, inda Turawan mulki suka zauna da ofisoshinsu, har yau take da faffaɗan tituna da inuwar bishiyoyi, alhali tsofaffin unguwanninmu na laka ana yi musu kallon wuraren da ke jiran rusau? Shin laifin laka ne, ko na masu zana taswira?

Magini daga Marwa: Wa alaikumus salam, ɗana. Laka ba ta da laifi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, mai ɗakin bulo da rufin kwano tsakar gida yake kwana, shi kuwa mai soron tubali yana barcinsa a ɗaki. Je ka garin Pouss a arewacin Kamaru ka ga dogayen ɗakunan laka na ƙabilar Musgum da aka gina ba azara ko ɗaya, ratsin jikinsu shi ne matakalar mai yaɓe, shi ne kuma hanyar ruwan sama. Francis Kéré na Burkina Faso da tubalin ƙasa ya gina makarantar ƙauyensu Gando, kuma a 2022 aka ba shi Pritzker, babbar lambar yabon masu zanen gini. Mu ne dai muka mai da siminti shaidar arziki.

Malama a Ngaundere: Baba, gaskiyarka, amma ni a ganina gizo yana saƙa ne a wajen takarda. Tun dokar filaye ta 1974, Kamaru takardar mallaka kawai ta sani, don haka gidan da aka gada kaka da kakanni, da sanin lamido da mai unguwa, yana iya zama ba na kowa ba a idon hukuma. Sannan filayen da ake yankawa yanzu sun yi ƙanƙanta har ba wurin zaure, kuma idan zaure ya tafi, sirrin matan gida da masaukin baƙo sun tafi tare da shi.

Mazaunin Njamena: A nan an yi rusau a 2008, dubban iyalai suka rasa matsuguni, da yawansu ba diyya. Wanda aka kora daga tsakiyar gari kuwa fadama yake komawa, domin can ne fili ke da araha. Da kogunan Chari da Logone suka cika suka batse a 2022, unguwanni irin su Walia ne ruwa ya ci.

Ɗan Garwa: Na gode. Malama, to a wajenku ana kiran masu unguwanni kafin a zana taswira, ko sai an gama ake sanar da su?