Idan kyamara ta gani, sai kuma an ɗebi tsoka?

Ɗalibin likitanci: Salamu alaikum. Jiya na kalli aikin leƙa tumbi da na'urar kamfanin Olympus, bututu mai kyamara a baki, mai wani haske na musamman da ake kira NBI. Da farin haske ban ga komai ba, ana danna maɓalli sai ga wani tabo ruwan ƙasa, bai kai farce ba, jijiyoyinsa a murɗe, irin wanda ake zargin sankara ce. Ni dai na ce zamanin ɗibar tsoka a kai ɗakin gwaji ya wuce.

Likitan ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi gaggawa. Wannan hasken shuɗi da kore ne, nanomita 415 da 540, jini ke shanye shi, shi ya sa jijiyoyin saman bangon tumbi ke fitowa ɓaro-ɓaro. To, wa zai gaya maka irin ƙwayar sankarar, da zurfin da ta ci, da ko ta shiga magudanar jini? Sai tsokar ta zo ƙarƙashin madubina mai ƙara girman abu.

Ɗalibin likitanci: Amma ranka ya daɗe, ai ƙananan tsiron babban hanji da ba su wuce milimita 5 ba, akan cire a yar ba tare da an kai gwaji ba.

Likitan ɗakin gwaji: Ƙwararre ke yin haka, kuma in ya tabbata. Tumbi daban ne.

Nas: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni ke tsaye gefen majinyaci. Sau nawa kumfa da majina ke rufe bangon tumbi, likita na sauri, bai wanke ba ya zare bututu! Abin yana ci mini rai. Wace kyamara ce ke gani ta cikin kumfa?

Likitar ciki: Sista ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ana so a yi aƙalla minti 7 ana duba tumbi, minti 6 wajen janyowa daga babban hanji. Koriya ta Kudu na leƙa tumbin masu shekara 40 zuwa sama duk bayan shekara biyu, idon likitocinsu ya saba. Sankarar tumbi in an kama ta tana sama-sama, fiye da kashi 90 cikin 100 na majinyatan na kai shekara biyar a raye, sau da yawa ma ta bututun ake feɗe ta, ba a tsaga ciki ba. Kyamarar tana nuna mini inda zan ɗiba da iyakar tabon, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗalibin likitanci: Na ji, Malama. Amma tabon jiya fa, da tsohuwar na'ura ce da an wuce shi.

Likitan ɗakin gwaji: Ban musa ba. An ɗiba dai ko?

Ɗalibin likitanci: An ɗiba, gutsure biyu. Muna jiran sakamako.